Tayoyin kan akurki

Ruwan daren jiya bai ɗauke ba sai wajen asuba. Da na zagaya bayan ɗaki, wurin ya koma kamar bakin tabki. Takalmina ɗaya ya maƙale a caɓi, na bar shi nan na ƙarasa akurki da ƙafa. Damagaram ke nan: a watan Afrilu muna bin ƴan garuwa da roƙo, Agusta ya zo ruwa ya rasa inda zai shige, ƙarƙashinmu duk dutse. Kajin sun takure kan sanda, ƙafafu baƙi ƙirin, ƙwai biyu kacal, su ma duk laka.

Ina cikin kwashe jiƙaƙƙen kashin kaji Inna ta leƙo.

"Ƴar nan, kajin nan naki da sauro za su ƙarasa mu. Jiya ko cikin sange ban runtsa ba."

Da na yi shiru da ya fi. Sai bakina ya riga ni, na ce, "Inna, ai sauro a ruwa kwantacce yake ƙwai, ba ruwansa da kaji." Ta dube ni ta ce, "To, malama." Ta koma tabarmarta.

Wannan "malama" ita ta hana ni sakat yini guda. Don in nuna gaskiyata na sa Sani ya kira mai amalanke ya kawo yashi, muka haƙa ƴar hanya daga bakin akurki zuwa rariya, muka zuba yashin, na barbaɗa tokar murhu a ciki. Kaskon ruwansu na kife na wanke. Tsohuwar tukunyar da ke gindin bedi, da gwangwanayen tumatir da Nana ke wasa da su, duk na zubar. Ina yi ina satar kallon Inna.

Bayan azahar Sani ya hau gyara kwanon rufin da iska ta ɗaga. Yana jawo taya sai ga ruwa ya zubo, kore shar, tsutsotsin sauro na ta wutsil-wutsil a ƙasa, kajin suka yi caa a kansu. Ta biyun ma haka. Ni da hannuna na ɗora tayoyin nan farkon damina don kada guguwa ta yaye rufin. Mako guda zuwa kwana 10 ya ishi ƙwai ya zama sauro mai cizo, su kuwa sun fi wata biyu suna tara ruwa, taki kaɗan daga tagar Inna.

Ba ta ce uffan ba, carbinta kawai take ja.

Mun ɗura musu yashi muka mayar. Zankon jan zakaran ya fito da ƙuraje, kuma sauro na yaɗa wannan ciwon tsakanin kaji, na ware shi cikin kwando. Masu bi gida gida da maganin zazzaɓin cizon sauro na yara ƴan ƙasa da shekara 5 sun zo, Nana ta sha da kuka. Zazzaɓin da ta yi makon jiya ya dawo mini a rai, gabana ya faɗi.

Da magariba na turara ganyen bedi, na kai wa Inna kunu. Na durƙusa ina neman ta inda zan fara, ta karɓi kwanon ta ce, "Takalminki na can cikin caɓi, kar akuya ta tauna."