Ina kwaikwayon matan Millet da fentin mai

Hoton da na zaɓa in koyi fentin mai da shi na mai zane ɗan Faransa Jean-François Millet ne na 1857, matan nan uku da ke kala a gonar alkama bayan an gama girbi, yana gidan tarihin Orsay a Paris. Dalilina kuwa fuskokin ba su fito sosai ba, biyu sun duƙa ƙasa ta ukun ta ɗan ɗago ta juya baya, ka ga babu wahalar ido da hanci tukuna.

Shi fentin mai baya bushewa da wuri, sai ya yi kwanaki da danshi kuma wallahi nan ne daɗinsa, kana iya murza inuwa da burushi har ta saje da haske ba tare da an ga iyaka ba. Na fara shimfiɗa fenti ruwan ƙasa siriri wanda na tsinka shi sosai, duhu da haske kawai na fitar, kaloli sai daga baya. Ƙa'idar ita ce duk shafin da zai hau sama ya fi na ƙasansa mai, in ba haka ba na saman ya riga bushewa ya tsattsage.

Zanen gadon bayan matan da ya lanƙwasa ne ke cin lokaci, in kafaɗa ta goce kaɗan sai matar ta zama kamar zata kifa. Ɗankwalinsu kuma, shuɗi da ja, a ido kamar masu haske amma sai ka dusashe su da ruwan ƙasa sannan su zauna.