Tulun Zumuntar Mata a Zuru

Ba da son raina na tafi Zuru ba. Shekara 3 ke nan ba ma ga-maciji da yayana kan gonar da Baba ya bari, ga shi 'yarsa za a aurar. Inna ce ta bugo waya ta ce, "Ko don furfurata ka zo."

Da sassafe muka bar Birnin Kebbi, muka wuce Kalgo da Jega, a Koko muka saki babban titi muka nufi gabas. Kafin Mahuta taya ta fashe, safayar ma babu iska. Nan na sauke wa yaron mota kwandon faɗa, ni da ke koyar da Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi. Wata tsohuwa ta dubi littafin da ke hannuna, ta dube ni, ta ce, "Ɗana, sha ruwa." Da ma marina ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai bayan la'asar muka ratsa Dabai muka shiga gari.

Washegari a majami'a na zaɓi bencin baya. Wanda ya tashi karatu dattijo ne da na sani tun ina yaro, lokacin da ake ɗauko shi ranga-ranga daga gidan burkutu. I'inarsa tana nan. Ya karanta inda Bitrus ya yi musun Yesu sau uku kafin zakara ya yi cara, ya maƙale a kan kalmar zakara, yara suna ƙunshe dariya. Bai damu ba. Ya rufe littafin ya ce, "Kun san ni ai. Da Ubangiji sai tsabtatacce yake karɓa, da har yau ina bakin ƙofa." Ya ƙara da cewa wannan Bitrus ɗin dai aka danƙa wa kiwon tumaki daga baya. Wa'azin ke nan, ko minti 5 bai kai ba.

Sai Zumuntar Mata, ƙungiyar matan majami'a, suka tashi waƙa, rabi da Hausa rabi da Dakarci. Hankalina ya tafi kan tulun da Inna ke bugawa. Na ƙasa ne, bakinsa ya ɓalle, an ɗaure wuyansa da tsumma, amma amonsa ne ke riƙe da waƙar duka. Na tuna Manzo Bulus ya kira mu tukwanen ƙasa. Sau nawa na koyar da ayar nan ina nufin wasu?

Da aka tashi na hango Yaya a gindin dalbejiya yana sallamar baƙi. Maganar da na shirya tun daga Jega, mai hujja ɗaya bayan ɗaya, ta gudu. Na rusuna na ce, "Yaya, na zo."

Ya daɗe yana kallona. "Ka ci abinci?" in ji shi. "Shiga ciki, akwai tuwon dawa. Zancen gona sai gobe."