Dole Sai An Zub da Jini Kafin Allah Ya Gafarta? Hujjar Kiristoci da Inda Take Samun Tangarɗa

In dai Allah mai iko ne a kan kome, me zai hana shi ya ce wa mai tuba "na yafe maka" magana ta ƙare? Musulmi na yi wa Kirista wannan tambaya, Bayahude ma na yi masa, malaman Kirista kansu kuma sun shafe ƙarnoni suna yi wa juna. Amsar da ta fi saurin fitowa ita ce Ibraniyawa 9:22 a Littafi Mai Tsarki, wadda ta ce in ba a zub da jini ba babu gafara. Ayar tana nan yadda aka faɗe ta, amma ita kaɗai ba ta isa ta ɗauki nauyin da ake ɗora mata ba.

Tushen maganar na cikin Littafin Firistoci. Sura ta 4 ta tsara hadayar zunubi gwargwadon matsayin mai laifi: babban firist ya kawo bijimi, jama'a baki ɗaya su ma bijimi, shugaba bunsuru, talaka kuwa akuya ko tunkiya, dukansu marasa lahani. Mai laifin zai ɗora hannunsa a kan dabbar kafin a yanka ta. Firist ya shafa jinin a zankayen bagade, ya zuba sauran a gindinsa, ya ƙone kitsen. Dalilin yana Firistoci 17:11: ran mai rai yana cikin jini, Allah ne kuma ya ba da jinin domin a yi kafara da shi. Wato a fahimtar wannan littafi, ba mutum ne ke sayen yardar Allah da nama ba, Allah ne ya buɗe ƙofar da kansa.

Sau ɗaya a shekara, ran 10 ga wata na 7, ake Ranar Kafara. Sura ta 16 ta ce babban firist zai fara kawo bijimi domin nasa zunubin, sannan a jefa ƙuri'a a kan bunsuru 2. Ɗaya a yanka shi, a shiga da jininsa Wuri Mafi Tsarki, a yayyafa sau 7 a gaban murfin akwatin alkawari. Ɗayan kuma firist ya ɗora masa hannu biyu, ya furta laifofin jama'a a kansa, a kore shi jeji. A nan masu wa'azi da yawa kan haɗa abin da littafin ya raba: bunsurun da aka ce ya ɗauki zunubai da ransa ya tafi, jinin wanda aka yanka kuwa aikinsa tsarkake wuri mai tsarki daga ƙazantar jama'a.

Mai musu da ya san Littafi Mai Tsarki ba zai rasa abin kamawa ba. Firistoci 5:7 ta yarda wanda ba shi da halin akuya ya kawo kurciya 2 ko 'yan tattabaru 2, aya ta 11 kuma ta ce in hakan ma ya gagara, ya kawo lallausan gari kashi ɗaya cikin 10 na efa, kusan lita 2, ba mai ba lubban. An gafarta masa, kuma ba ɗigon jini. Shi ya sa marubucin Ibraniyawa ya ce "kusan" kome ake tsarkakewa da jini. Littafin Ƙidaya 15:30 bai tanadi hadaya ga wanda ya yi zunubi da gangan cikin girman kai ba. Dawuda ya yi zina ya sa aka kashe Uriya, mijin matar, annabi Natan ya ce masa Ubangiji ya kawar da zunubinsa. Mutanen birnin Nineba sun tuba da wa'azin annabi Yunana, hukunci ya janye. Yesu kansa ya ce wa shanyayye an gafarta masa a Markus 2:5, tun ba a je ga gicciye ba. Bayan da Romawa suka rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70, malaman Yahudawa sun tsaya a kan tuba da addu'a da sadaka, har yau a kai suke.

To ina hujjar Kirista take? Tana Romawa 3:25-26. Manzo Bulus ya ce Allah ya yi ta kau da kai ga zunuban da aka yi a dā saboda haƙurinsa, gicciye kuma shi ne wurin da ya nuna cewa wannan kau da kai ba sakaci da adalci ba ne. Ibraniyawa 10:4 ta ƙara da cewa jinin bijimai da awaki ba zai iya kawar da zunubi ba. Ke nan gafarar Dawuda da ta shanyayyen nan gafara ce ta gaske, sai dai tushenta mutuwa guda ce da ta zo daga baya.

Yadda wannan mutuwa ke aiki kuwa, ikilisiya ba ta taɓa yanke magana ɗaya ba. Shaidar bangaskiya ta Nikiya, ta shekarar 325 da aka faɗaɗa a 381, ta ce an gicciye shi dominmu, ba ta ce ta wace hanya ba. Cikin malaman ikilisiya na farko, Orijen na Iskandariya ya ɗauki kalmar fansa ta Markus 10:45 ya ce Shaiɗan aka biya. Giregori na Naziyanzus ya ƙi wannan ƙememe, domin ɗan fashi ba ya da haƙƙin a biya shi. A 1098 Anselm, babban bishop na Kantabiri a Ingila, ya kawo tsarin da ya mamaye Yamma: zunubi tauye haƙƙin Allah ne, mutum ne ya wajaba ya biya amma ba zai iya ba, Allah ne zai iya amma ba shi ake bi ba, don haka sai wanda yake Allah kuma mutum. Abelad na Faransa, wanda ya rasu a 1142, ya ga zalunci a neman jinin marar laifi, ya ce gicciye ƙauna ce da ke juya zuciyar mai zunubi. Toma Akwinas ya faɗi abin da Kiristoci da yawa ba su san an faɗa ba: Allah na iya yafewa ba tare da biyan kome ba, kuma da bai yi rashin adalci ba, tun da ba wanda ke sama da shi, sai dai wannan hanya ce ta fi dacewa. Jon Kalbin a ƙarni na 16 ya kai maganar gaban shari'a, ya ce hukuncin da ke kanmu aka ɗora wa Almasihu. Wannan fahimta ce aka fi ji a majami'un bishara irin su ECWA.

Suka mafi kaifi ta fito daga Faustus Sosinus, Ba'italiye, a littafinsa da aka buga a 1594. Ya ce in an biya bashi ba a yafe shi ba, in an yafe shi kuma biyan me ake nema? Ga amsar da ake ba shi: wanda ya yafe bashin naira miliyan ɗaya, kuɗin ba su ɓace a iska ba, shi ne ya ɗauki asarar. Yafiya ba ta taɓa zuwa kyauta ga mai yafewa. Amsar tana da ƙarfi, amma Sosinus na da sara na biyu: kuɗi ana biya wa wani, hukuncin kisa ba a ɗaukar wa wani. Wanda ya san fiƙihu zai gane bambancin nan take, domin dangin wanda ya yi kisan kuskure suna haɗa masa diyya, amma ba a yi wa ƙani kisasi a madadin wansa. Ezekiyel 18:20 ma ta ce wanda ya yi zunubi shi zai mutu, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba.

A ganina a nan ne muhawarar take da gaske, kuma Kirista ba shi da mafita sai ta hanyar abu biyu da addininsa ya riga ya koyar. Na farko, wanda ya mutu ba bare ba ne da aka kamo, Allahn da aka yi wa laifi ne ya ɗauki jikin mutum. 2 Korantiyawa 5:19 ta ce Allah yana cikin Almasihu yana sulhunta duniya da kansa, a Yahaya 10:18 kuma Yesu ya ce ba mai ƙwace ransa, shi ne ke ba da shi. Na biyu, mai bi haɗe yake da Almasihu har Romawa 6 ta ce an gicciye tsohon halinsa tare da shi. A cire ɗaya daga cikin biyun nan, Sosinus ya yi nasara. Don haka wa'azin da ke nuna Uba a fusace yana neman wanda zai huce a kansa, Ɗa kuma yana ba shi haƙuri, ɓarna yake yi: ya raba Allah biyu, ya kuma saɓa wa Yahaya 3:16 da ta ɗora farkon al'amarin a kan ƙaunar Uba.

A tattaunawa da Musulmi akan yi saurin kawo ragon layya a matsayin gada, amma gadar ba ta kai tsallake ba. Layya ibada ce ta koyi da Annabi Ibrahim, Alƙur'ani 22:37 kuma ya ce namanta da jininta ba sa isa ga Allah, taƙawa ce ke isa. Aya ta 6:164 ta ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, 4:157 kuma ta ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba. Saɓanin ya fara tun daga ma'anar zunubi: a Musulunci aiki ne da tuba ta gaskiya ke shafewa, a wurin Bulus kuwa, ban da aikin, iko ne da ya kama ɗan Adam ya haɗa shi da mutuwa, kamar yadda Romawa 5:12 ta nuna.

Wannan ne ya sa majami'un Otodoks na Gabas suka fi magana a kan karya ikon mutuwa fiye da biyan hukunci, suna bin sawun Atanasiyus, bishop na Iskandariya a ƙarni na 4. Suna da aya mai nauyi a hannunsu. A duk tsarin Firistoci ba dabbar da ake jira ta tashi bayan yanka, amma Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 15:17 in ba a ta da Almasihu ba, masu bi har yanzu suna cikin zunubansu, ko da yake jinin ya riga ya zuba.