"To" ɗin Hajiya da littafin da ya dawo fari fat

Lokacin da nake koyon aikin ba da shawara ga masu damuwa, tsarin gajeren zango muke bi, irin PM+ na Hukumar Lafiya ta Duniya, zama 5 kacal, sau ɗaya a sati, kowanne kamar awa ɗaya da rabi. Ni kuwa sabon shiga, kaina cike da dabaru, gani nake in dai na bi takarda layi bayan layi shikenan.

Sai aka ba ni wata baiwar Allah, ta haife ni ma, ba ta barci, tace tunani ya yi mata yawa. Zaman farko na zuba bayani kamar mai lacca, nace Hajiya ki samu littafi ki riƙa rubuta abin da ke damunki da dare. Tace "to, ɗana". Zama na biyu littafi fari fat, na uku ma haka, har na fara cewa a raina matar nan ba ta son taimakon kanta.

Mai duba aikina ce ta tambaye ni, wai kai ka zaɓi littafin ko ita? Ta tuna min abin da wani masanin halayyar ɗan Adam, Edward Bordin, ya faɗa tun 1979, cewa haɗin kan mai ba da shawara da wanda ya zo abu uku ne, yarda tsakaninku, sai ku daidaita kan inda za a je, da aikin da za a yi. Ni ko ɗaya ban nema ba, "to" na ji na ɗauka an gama, alhali a wajenmu babba zai ce maka to don kar ya kunyata ka ne kawai.

A zama na huɗu na ajiye fayil, nace Hajiya ki yi haƙuri, kamar na ɗora miki abin da bai dace da ke ba. Ta yi shiru, ta gyara mayafi, sannan tace gida ɗaya suke da kishiya, yara kuma shiga ɗakinta suke kamar kasuwa, ina za ta ɓoye littafin da ke ɗauke da sirrinta? Wallahi kunya ta kama ni.

Ita da kanta ta kawo mafita, bayan sallar isha'i ta zauna kan darduma ta yi numfashin nan a hankali da na koya mata, ranar Juma'a kuma ta je wajen ƙanwarta su yi hira. Saura zama ɗaya lokacin, uku na riga na cinye su da surutuna.