Tarihin Rayuwata, Kashi Na 14: Ko Fada Bai Zo Ba Lahadi Ta Zo

Wancan makon na tsaya a inda aka kai ni makarantar sistoci, to ku yi haƙuri yau ba daga nan zan ɗauko ba, saboda ina gyaran akwati littafin jubilin cocinmu ya sake faɗo min a hannu kuma har yanzu abin bai sake ni ba. Shafi bayan shafi hotunan Fada-fada, sai masu kuɗin da suka sayi kwano da siminti, har wanda ya ba da fanka biyu an sa shi da babbar rigarsa, amma Baba babu. Mutumin da ya riƙe wajen nan tun ana sujada a ƙarƙashin ɗorawa, lokacin da Fada sai bayan wata biyu ko uku yake leƙo mu a kan babur, in damina ta yi nisa rafi ya kawo to shikenan sai kaka. Baba ne katikis, shi ne mai buga ƙarfen mota a kira mutane, shi ke koya wa yara katikizim, shi ke yi wa jariri baftisma in an ga ba zai kwana ba. In mutane suka fara ƙorafi wai me za a je yi tunda babu Mas, sujadar da Fada kaɗai ke iya yi, abu ɗaya yake ce musu, ko Fada bai zo ba Lahadi ta zo.

Na daɗe ina zaton Baba ne ya ƙirƙiro wannan halin, ashe gado ne mai nisa. Fadan da ke zuwa mana ɗan Ireland ne, na ƙungiyar masu mishan a Afirka da ake kira SMA, su ne dai waɗanda suka fara kafa mishan a Shendam a 1907 kafin su bazu Jos da Kaduna da ƙasarmu ta Zazzau. In ya kwana a gidanmu bayan an ci tuwo sai su zauna da Baba a tsakar gida, ni ina ƙofar ɗakin Inna kamar ina barci, yana ba shi labarin kakanninsa da Hausarsa mai karkata. Wai a ƙasarsu akwai lokacin da a kan dutse ake yin Mas, a cikin daji ko bayan tsauni, a sa yara su hau sama suna gadi ko sojoji na tafe. Baba ya ce masa, Fada ashe ku ma kun sha, mu mun ɗauka duk Bature da gatansa aka haife shi.

Sai da na zama malama na karanta abin da kyau. Martin Luther ya tayar da maganarsa ta ƙalubalantar cocin Katolika a Jamus a 1517, amma ta Ingila daban ce, rigimar aure ce ta fara kawo ta, sarki Henry na takwas yana so ya rabu da matarsa Paparoma ya ƙi, a 1534 aka yi doka shi ne shugaban cocin ƙasar, shekara na zagayowa ya sare kan Thomas More da Bishop John Fisher don sun ƙi yin rantsuwa. Zamanin 'yarsa Elizabeth duk Lahadin da ba ka je cocin gwamnati ba tararka sule ɗaya, a 1581 aka mayar da ita fam 20 a wata, kuɗin da talaka ko a mafarki bai taɓa riƙewa ba. A 1585 kuma aka ce duk Fadan da aka naɗa a waje ya shigo ƙasar maci amana ne, wanda ya ɓoye shi ma kisa. To a hakan samari suke tsallaka ruwa su je Douai, wani gari a Faransa ta yau, su yi karatun Fada su dawo a ɓoye, suna sane da abin da ke jiransu.

Amma ni ba su ne suka tsaya min a rai ba, Allah ya ba su lada, su kam an rubuta su. Wani kafinta ne, Nicholas Owen, ɗan guntun mutum, aikinsa ya shiga gidajen Katolika ya fasa bango ko ƙarƙashin matakala ko bayan murhu ya gina ɗan ramin da Fada zai shige in an zo bincike, da dare yake yi shi kaɗai don kada wani ya san wurin, aka kama shi ya mutu a hannun masu azabtarwa a 1606 bai faɗi ko gida ɗaya ba. Da wata matar mahauci a garin York, Margaret Clitherow, tana ɓoye Fada-fada a gidanta, da aka kai ta kotu a 1586 ta ƙi cewa ta yi ko ba ta yi ba don kada a jawo 'ya'yanta su ba da shaida a kanta, sai aka kwantar da ita aka ɗora mata ƙofa aka yi ta jibga nauyi har ta cika. Kafinta da matar mahauci fa. Na yarda manyan coci sun zauna a garin Trent na Italiya daga 1545 har 1563 sun gyara ɓarna da yawa, sun ce a buɗe seminari, sun ba da umarni a fitar da katikizim, amma littafi ba ya tafiya da ƙafarsa, sai wani ya ɗauke shi a jaka ya hau keke, kamar Baba da kekensa da babu birki.

Maigidana, kun san shi ɗan ECWA ne har ya koma ga Ubangiji, in na fara wannan labarin sai ya ce Malama ki ƙarasa mana, ki faɗa musu Sarauniya Mary ta Ingila, taku 'yar Katolika, ta ƙona kusan mutum 300 na ɓangarenmu. Gaskiyarsa ce, ta ƙona, ban taɓa musa masa ba, mun yi zamanmu lafiya kowa da cocinsa, yara dai ni na tafi da su.

Dokar da ta fi ci min rai ita ce ta Ireland ta 1704. In ɗan Katolika ya mutu sai a yanka gonarsa a raba wa 'ya'yansa maza duka don ta ƙanƙance, amma in babban ɗa ya koma cocin gwamnati to shi kaɗai zai cinye. Wato an shiga tsakanin wa da ƙani da gona. Ranar da na karanta wannan Baffa na tuna, ban san sanda na rufe littafin ba. Mu ba doka aka yi mana ba, Baffa da kansa ya yi tasa, da Kaka ya rasu ya je gaban mai gari ya ce ƙaninsa ya zama yaron Fada, kullum yana yawon ƙauyuka, ba shi da lokacin noma, aka ba shi fadamar gaba ɗaya, mu aka bar mu da tudun nan mai tsakuwa wanda ko gero sai ya ga dama. Inna ta yi kuka ta ce Malam ka je ka yi magana mana, Baba ya ce gobe Lahadi ce yana da sujada a ƙauye biyu. Ko Fada bai zo ba Lahadi ta zo, ko fadama ta tafi ma Lahadi ta zo, haka muka tashi muna sayen rake daga gonar kakanmu. Kuma shugaban kwamitin da ya haɗa littafin jubilin nan ɗan Baffa ne, ni dai ban ce komai ba.

Autata tana aikin nas a Ireland, da ta haihu na je wankan jego, wata Asabar ta kai ni Drogheda cocin St Peter's inda aka ajiye kan Oliver Plunkett a cikin gilashi, babban bishop ɗin Armagh da aka kashe a Landan a 1681 bisa shaidar ƙarya. Na durƙusa na yi addu'a, amma abin da ya ba ni mamaki washegari ne, Mas ɗin safe kujeru fayau, tsofaffi sai mu baƙi, Fadan ma ɗan Najeriya ne. Mutanen da aka sa ladan fam 20 ga mai tona Fadansu da fam 50 ga mai tona bishop a 1709 ba su daina ba, sai da aka sake su a 1829 suka samu 'yanci suka gina manyan coci, yanzu babu mai korar kowa kuma ga benci babu mutane. Na ce wa autar ke dai ki riƙa tashin yaran nan da safe ko suna kuka, ta ce Mama ina kwana a wajen aiki fa, na ce kakanki ma a kan keke yake kwana.

Ban gaya muku zuwanmu Kaduna a 1982 ba ko, da Paparoma John Paul na biyu ya zo ya naɗa sabbin Fada-fada a dandalin Murtala. Baba ya sayar da akuya biyu ya biya mana kuɗin a-kori-kura, ni da shi da Yaya, Inna ya ce ta zauna da ƙanana, maganar da ba ta yafe masa ba har ta tsufa. Masu kati ne suka shiga gaba, mu muna can baya a rana, Baba bai ga komai ba sai farin abu daga nesa, amma da muka dawo sai da ya yi wata guda yana ba mutane labarin fuskar Paparoma, har launin idonsa. A cikin motar dawowa ne na fara haɗuwa da maigidana, shi buhunan taki ya je saye, wannan da rigimar da aka sha kafin Baba ya yarda da ɗan ECWA sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.