Rainon itatuwan kurmi daga Ikorodu

Sana'ata rainon itatuwa ce. Ina da ɗan fili a bayan Ikorodu, ta hanyar Epe, inda muke tsirar da iri a baƙar leda mu sayar. Yaran da ke cika leda da ban ruwa 'yan Katsina ne da Jigawa. Da furanni muka fara, kuma har gobe su ke biyan albashi, don masu gidaje a Lekki da Ikeja ba sa gajiya da saye. Amma aikin da ya fi cin raina shi ne na itatuwan kurmi: loko, afara, arere da madacin kudu, waɗanda kamfanoni da ƙungiyoyi ke saya don mayar da dajin da aka sare a Ogun da Ondo.

Kasuwa dai akwai. Najeriya ta yi alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 4 na ƙasar da ta lalace kafin 2030 a ƙarƙashin AFR100, shirin ƙasashen Afirka na mayar da dazuzzuka, Legas kuma tun 2008 take ware 14 ga Yuli don dashen itatuwa. Mai neman malaina ko tik, itatuwan katako da aka kawo daga waje, ba ya ba mu wahala, zuba irin ka ba shi ruwa, ya fito. Malaina baƙuwa ce daga Asiya, an cika wani ɓangare na gandun dajin Omo na jihar Ogun da ita saboda masana'antar takarda ta Iwopin. Tana saurin girma, sai dai gonar katako ake samu da ita, kurmi ba ya dawowa.

Itatuwan gida su ne masu rigima. Arere ba ya 'ya'ya kowace shekara, in ma ya yi, irin ba ya jimre ajiya. Loko akwai mace akwai namiji, macen kaɗai ke ba da iri, kuma in ka dasa shi zalla a fili guda, wani ɗan ƙwaro ya kama sabon toho ya dunƙule shi, tsiron ya tsumbure. Dole a gauraya shi da wasu, a bar masa inuwa. Namijin goro kuwa sai ya yi watanni a leda bai leƙo ba, har yaro ya ɗauka ya ruɓe. Duk wannan irin ba a shagon Legas ake samunsa ba. Maharba da matan ƙauye su suka san inda uwayen itatuwan suke da lokacin da 'ya'yan ke zuba, mu biya su su tsinto mana. Tun kafin a kai ga dashe ke nan aikin yana hannunsu.

Abin da nake fama da masu ba da kwangila a kai guda ne. Suna son ranar dashe: riguna iri ɗaya, hoto, jawabi. Ba sa son jin kuɗin noma ciyawa da share hanyar wuta na shekara biyu ko uku, alhali a nan itace ke rayuwa ko ya mutu. Wani manaja ya taɓa ce mini, "Alhaji, ai kurmi ne, ruwan sama zai yi sauran." Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwan da ke raya tsiron shi ke raya ciyawar da za ta shaƙe shi."

Sai maganar ƙasa, wadda ta fi komai nauyi. A ƙasar Yarbawa dasa itace mai daɗewa tamkar kafa shaida ne a kan fili, shi ya sa manomin da ke aro ko haya ba ya dasawa sai da yardar mai ƙasa. In ba a zauna da Baale, wato dagacin ƙauye, da iyalan da suka gaji filin ba, za a karɓi tsironka da fara'a, a bar wa awaki. Omo, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren da take karewa tun 1977, har yanzu da sauran giwaye a ciki, amma gonakin koko sun ci gefensa sosai. Manomin nan koko ke biya masa kuɗin makarantar yara. Ka ce masa ya jira loko shekara arba'in ko hamsin, ai ya ga ba ka da hankali.

Don haka duk lodin da zai bar wurina ina sa masa goro, namijin goro, agwaluma da ogbono na miya, su zama na manomi, ya ci ya sayar. Goro ma kasuwarsa a kusa take, mutanenmu na unguwar Sabo a Shagamu ba sa barinsa ya kwana. Tsakanin layuka kuma ya shuka masara ko rogo har itatuwan su rufe sama, tsohuwar dabarar malaman daji da ake kira taungiya. Yana nome gonarsa, yana nome mana. Ladan kula kuwa rabawa muke yi: kaɗan ranar dashe, ragowar bayan rani, a kan abin da aka ƙirga da rai.

Yanzu ina koya wa matan wasu ƙauyuka yin nasu rainon a ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa, in kai musu leda da butar ban ruwa, in sayi tsiron daga hannunsu. Abokan sana'a sun ce ina yanka kasuwata. Su ba su taɓa ganin yadda tsiro ke isa ba bayan ya sha jijjiga a bayan mota daga Ikorodu zuwa Ijebu ta hanyar daji, ƙasar leda ta tsattsage, saiwa a waje. Bana muna son a gama cika leda kafin ƙarshen Janairu, don a fara dashe da ruwan Mayu, tsiron ya kama ƙasa kafin ɗan tsagaitawar ruwa ta Agusta.