Shago mai allo biyu a Tawa

Shagona na koyarwa ɗaki guda ne a Tawa: allo biyu, benci huɗu, da injin fotokofi da zafin Afrilu kan sa shi yajin aiki. Yawancin masu zuwa ɗaliban shekarar farko ne na Jami'ar Djibo Hamani, sai ƴan BAC G2, wato masu shirin jarrabawar ƙarshen sakandare a fannin lissafin kasuwanci, sai ƴan kasuwa da suka gaji da lissafin dokin rano da yaran shago ke yi musu. Kontabilite (wato lissafin shige da ficen kuɗi), tattalin arziki da dokar yarjejeniya nake koyarwa, kuma ba na barin yaro ya tashi sai ya warware aikin da hannunsa.

Ba a lakkwal na fara ba. A rumfar kawuna na fara, dillalin albasar Galmi, ina ɗan shekara 12. Ya miƙo mini kaye da bik, ya ce, "Kai ɗan boko, rubuta wa ya ɗauka, wa ya biya." Idan dala ɗaya ta ɓace ba a cin tuwon dare sai an nemo ta. Ranar da mushe, malaminmu na lakkwal, ya zana mana ɓangarori biyu na asusu, debi a hagu, keredi a dama, sai na ga ashe kayen kawu ne aka sa wa babbar riga. Har yau da albasa nake koyar da farashi. Lokacin girbi kasuwa ta cika, buhu ya faɗi warwas. Wanda ya adana tasa a rudu har damina shi ke yanka kuɗin da ya so, muddin ba ta ruɓe ba. Ɗan Adar ba ya buƙatar a maimaita masa wannan, layukan nan biyu masu gicciye, na yawan kaya da na buƙatar masu saye, kawai nake ɗora masa a kai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu sayar da amsoshi a bakin hanya, jika guda a ba ka tulin takardu. Daga intanet suke kwasowa, na Faransa, ko karantawa ba sa yi. Yaro ya haddace, ya zo yana rubuta mini lambobin asusun Faransa: banki 512, sayen kaya 607. Mu nan tsarin SYSCOHADA muke bi, wato tsarin kontabilite na bai ɗaya na ƙasashen Afirka da dama, wanda aka sabunta ya fara aiki 1 ga Janairu 2018: banki 521, kuɗin akwati 571, sayen kaya 601, sayarwa 701, masu kawo kaya 401, abokan ciniki 411. Harajin TVA kuma, wanda ake ɗorawa kan farashin kaya, a Nijar kashi 19 ne, ba 20 na Faransa ba.

A kan TVA ɗin nan nake gane wanda ya fahimta. Na ce kaya sun kama sefa 119,000 har da haraji, nawa ne kuɗinsu na asali? Mai hadda zai zare kashi 19 ya kawo mini 96,390. Wanda ya zauna a bencina ya san rabawa ake yi da 1.19, a samu 100,000 cif.

A fannin doka ɓarnar ta fi muni. Faransa ta sake dokarta ta yarjejeniya a 2016, mu kuwa aya ta 1108 ta kundin dokar farar hula tana nan da sharuɗɗanta huɗu: yardar masu ƙullawa, cancantarsu, tabbataccen abin da aka ƙulla a kai, da halastaccen dalili. Wata yarinya ta kawo mini uku rak, ta rantse haka takardarta ta ce. Gaskiya ta faɗa, takardar ce ba tamu ba, ta sabuwar dokar Faransa ce. Sai da muka yi mako guda ina wanke mata kai, da misalin yaro ɗan shekara 14 da ya sayar da babur ɗin babansa.

Sai kuma iyaye. Wani Alhaji ya zo da ɗansa, ya ji kuɗin wata, ya riƙe baki.

"Haba Malam, a bakin hanya jika guda ne fa."

"Ranka ya daɗe, can takarda ake sayarwa."

Ya yi ta taya ni kamar ragon layya, na ce albarka har sau uku, ya tafi. Bayan jarrabawar farko ya dawo da yaron, da kuɗin wata biyu a hannu, har da kayen shagonsa wai in duba masa me ya sa kaya ke fita amma akwati ba ya cika. Bashin ƴan uwa ne, shafi tara, ba ko ɗaya da aka rubuta ranar biya.